Kwafin da ba a gani tsakanin haruffa da bayit

A nan Birnin Kebbi nake rubuta wata ƙaramar manhaja da harshen Go, wadda ke karanta sunayen manoman shinkafa na yankin Argungu daga manyan fayiloli, sai tsohuwar kwamfutata ta fara nishi tun aikin bai yi nisa ba. Da na bi diddigi, na gano cewa kusan duk lokacin da na mayar da jerin bayit (ƙananan gutsattsarin da kwamfuta ke adana bayanai da su) zuwa jerin haruffa, Go na kwafe bayanan zuwa sabon wuri a ƙwaƙwalwar na'ura. Dalili kuwa shi ne jerin haruffa a Go ba ya canzuwa bayan an ƙirƙire shi, alhali jerin bayit ana iya sauya shi kowane lokaci.

Tun sigar Go ta 1.20 da ta fito a 2023, akwai wani umarni mai suna unsafe.String, wanda ke barin su biyun su raba wuri guda ba tare da kwafi ba. Na gwada, aikin ya yi sauri, amma da na sake zuba layi na gaba a mazubin bayit ɗin, sai sunan manomi na farko ya rikiɗe ya koma na biyu. Haruffanmu masu ƙugiya sun ƙara dagula lamarin, domin ƙ da ɗ da ɓ kowanne bayit 2 ne a UTF-8, wato tsarin adana haruffa a matsayin bayit, kuma idan sabon layin ya danne rabin harafi, shirme kawai ake gani a allo. Laifina ne, ba na Go ba, tunda sunan ƙunshin da umarnin yake ciki, wato unsafe (marar aminci), shi kansa gargaɗi ne.