Tsohuwar Winchester ta tashi ban taɓa niyyar harbi ba

Shekaru na yi ina riƙe bindigar Remington 870, irin wadda ake kira fam-akshin, wato wadda ake jan hannunta na gaba a tura don ɗura sabon harsashi, har hannuna ya haddace ta. Ka harba, ka ja hannun gaba, ka tura, ko da yatsanka bai gama sakin kunama ba, ba abin da zai faru. Sai ka saki ka sake ja. Da wannan sabon da hannuna ya yi na karɓi Winchester Model 12, tsohuwa ce amma an kula da ita, ƙarfenta sumul kamar an shafa mai.

A filin gwaji na yi harbin farko lafiya. Na ja hannun gaban zuwa baya, kwanso ya fita, na tura gaba, sai kawai ta tashi. Ƙasa ta yi tsalle 'yan taku kaɗan a gabana, ƙura ta turnuƙe, kafaɗata ma ba ta shirya ba, gindin bindigar ya daki ƙashin wuyana. Mutumin da ke gefena ya juyo, bai ce uffan ba, kallon da ya yi mini ya isa. Abin da ya cece mu ɗaya ne: bakinta na kallon gaba da ƙasa.

Na kai wa maƙerin bindiga ina cewa ta lalace. Ya tabbatar ba komai a ciki, ya danne kunama, ya ja ya tura. Ƙyas. Ya ce lafiyarta ƙalau, haka aka ƙera ta. Sababbin bindigogi suna da wani ɗan ƙarfe da ke raba kunama da guduma, wato ƙarfen da bugunsa ke tayar da harsashi, har sai an saki yatsa. Model 12, wadda aka fara fitarwa a 1912, ba ta da shi. Yayarta Model 1897 ta John Browning ma haka, da Ithaca 37 ta farko-farko. Muddin yatsa na kan kunama, rufewar bindigar ita ce harbin.

Abin da ke ci mini rai har yau, wanda ya ba ni ita ya yi ta ba ni labarin katakonta da shekarunta, amma wannan magana guda bai faɗa ba. Wataƙila shi ma bai sani ba. Wannan ya fi ban tsoro.

Yanzu duk tsohuwar fam-akshin da ta zo hannuna, kafin harsashi ya kusance ta, wannan gwajin nake fara yi. Na duba cikin bututu da ido da yatsa, na duba bututun ajiya na ƙasa, domin harsashi kan maƙale a can idan sifirin ya tsufa. Sannan na juya bakinta inda ba kowa, na danne kunama, na ja, na tura, na saurara. Sai na maimaita ba tare da taɓa kunama ba, da ɗan ƙarfi. In gudumar ta faɗi a wannan karon, to wannan lalacewa ce ta gaske, haƙoran da ke riƙe ta sun cinye, kuma aikin maƙeri ne. Kada ka sa mata zarto da kanka.

Mai Model 1897 yana da ƙarin ciwon kai. Gudumarta a waje take, ba ta da maɓallin kariya sai tsayar da gudumar a rabi, kuma sauke ta zuwa can da babban yatsa mai gumi ko sanyi, da harsashi a ciki, nan ne take suɓucewa. Ni dai ba na yawo da irinta da harsashi a bututu.

Wurin sauke harsashi ne na fi taka-tsantsan, don kowane turawa yana kai harsashi mai rai cikin bututu. Yatsana a miƙe yake a jikin ƙarfe, can sama da zoben kunama, kuma wanda ya ce in ara masa, sai ya ji wannan ƙyas ɗin da kunnensa kafin in ba shi harsashi.