Tambayar bakin ƙofa: inda nake samo abin da nake ɗorawa

Sana'ata ita ce horar da mata masu ƙananan sana'o'i a cikin garin Katsina: masu awara, masu ƙuli-ƙuli, masu ɗinki, masu haɗa turaren wuta da humra, da masu saro atamfa da mayafai suna sayarwa daga cikin ɗaki. Ina koya musu lissafin jari da riba, da yadda ake yanka farashi, da yadda ake raba kuɗin sana'a da kuɗin cefane. Mukan haɗu a tsakar gidan ɗaya daga cikinsu, wani lokaci kuma a ajin Islamiyya bayan yara sun tashi. Ban da wannan ina ɗora gajerun bidiyoyi a Facebook da TikTok da sitatus ɗin WhatsApp, don ta nan sababbin ɗalibai suke sanina. 'Yan'uwana masu irin wannan aiki sun sha tambayata, wai ni ba na rasa abin faɗa ne?

Ina rasawa mana, in dai zama na yi gaban waya ina jiran batu ya faɗo mini. Sai a kafa waya, a gyara mayafi, a nemi wurin da haske ya fi kyau, kai kuma fayau. Abin da yake fitowa a irin wannan zama shi ne nasihar da kowa ya riga ya ji: a yi haƙuri, a riƙe gaskiya, a dage. Duk gaskiya ne, amma babu matar da za ta tsayar da suyar awara don ta saurare shi. Batutuwan da mutane suke tsayawa su kalla, har su tura wa ƙawayensu, ban taɓa ƙirƙirar ko ɗaya ba. Daga bakin ɗalibaina nake jin su, aikina kawai in kama su kafin su ɓace.

Kuma ba a cikin aji ake jin su ba. A cikin aji kowa tana kallon kowa, ga maƙwabciya, ga facala, wata ma ga wadda take bin ta bashi zaune a tabarma ɗaya. Tambayoyin da ake yi a nan na kunya ne. Sai an shafa fatiha an watse, ina laluben takalmina a bakin ƙofa, sannan wata za ta matso ta rage murya: "Malama, don Allah minti ɗaya." Wannan minti ɗayan shi ne ainihin darasin ranar. A nan wata mai ɗinki ta ce mini, "Malama, ni fa ciniki nike yi ba laifi, kuɗin ne ban san inda suke shiga ba." A nan wata dattijuwa mai fura ta kama hannuna ta ce, "'Yar nan, in surukata ta aiko a ba ta bashi, ta wace fuska zan ce babu?"

Kafin Keke Napep ya kai ni Ƙofar Ƙaura na rubuta. Ba na bari sai na isa gida, domin a gida akwai tukunya da yara da baƙi, kuma zuwa dare abin da zai rage a kaina ma'anar maganar ce kawai, lafazinta ya tafi. Lafazin kuwa shi nake so. Da na rubuta "matsalar rashin adana lissafi", da ranar ɗaukar bidiyo na yi lacca irin ta makaranta. Amma da na buɗe bidiyon da jimlar mai ɗinkin yadda ta faɗe ta, sai mata suka yi ta aiko da saƙo suna cewa kamar na shiga ɗakinsu na gani. Mutum yana gane ciwonsa ne idan ya ji shi da irin kalmomin da shi ma zai faɗa.

Kayan aikina ba su da yawa. Akwai ɗan littafi irin na 'yan firamare da biro a cikin jaka, akwai kuma WhatsApp. Da can sai na buɗe zaure ni da ƙanwata, sannan na cire ta, ya zama ni kaɗai ce a ciki. Tun ƙarshen 2022 WhatsApp ya sa yadda mutum zai tura wa lambarsa saƙo kai tsaye, sai na koma nan, na kuma maƙale hirar a can sama don kada ta nutse a ƙarƙashin gaisuwar Juma'a da katin biki. In hannuna da kaya, ko Napep yana tsalle a kan hanya, sai in yi saƙon murya. Sai dai murya tana da aibi guda: ba a iya nemo ta da kalma. Wata uku gaba, in ina neman abin da wata ta faɗa a kan adashi, dole in bi saƙonni ɗaya bayan ɗaya ina saurare. Shi ya sa duk saƙon murya nake bin sa da kalma biyu a rubuce a ƙasansa, "adashi, uwar adashi ta gudu" ko "bashi, suruka". Na gwada manhajojin ajiye rubutu irin su Google Keep, ba su da laifi, amma ni ba na tuna buɗe su. WhatsApp kuwa ko ban yi niyya ba sai na shiga.

Abu uku nake sa wa kowace tambaya: maganar yadda aka faɗe ta, sana'ar mai maganar, da amsar da na bayar a tsaye. Na ukun yana da amfani fiye da yadda ake zato. Amsar bakin ƙofa takan zo gajera ba ado, saboda mai tambaya tana sauri, ni ma ina sauri. Sau da yawa ita ce bidiyon gaba ɗayansa, ba sai na ƙara komai ba. In kuma ban iya amsawa ba, sai in ja layi biyu a ƙarƙashinta, ta shiga sahun abin da zan je in tambayo.

Ban san darajar tarawa ba sai a watan Satumbar 2021, lokacin da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jiharmu saboda matsalar tsaro, ciki har da Jibiya da Batsari da Dutsin-ma da Malumfashi da Funtuwa. Cikin garin Katsina akwai sabis, amma da yawa daga cikin matan da suke aiko mini da tambaya ta waya daga can suke. Shiru har wajen Disamba. A tsakanin nan tsohon littafina ya ciyar da ni, na koma shafukan baya ina zaro tambayoyin da na rubuta ban waiwaye su ba. Da tsohuwar zuma ake magani.

Sai kuma farkon 2023, lokacin canjin kuɗi. Babban Bankin Najeriya ya sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000, aka sa wa'adin daina karɓar tsofaffi ranar 31 ga Janairu, aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu, sababbin kuma babu su a hannun mutane, har Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 3 ga Maris cewa a ci gaba da karɓar tsofaffin. A 'yan makwannin nan littafina ya cika fiye da yadda yake cika a rabin shekara. Mai awarar da ba ta taɓa shiga banki ba ana ce mata a ba da lambar asusu. Wata tana karɓar kuɗin cinikinta ta asusun mijinta, daga nan kuma labari ya sha bamban. Wata an nuna mata alat na bogi an kwashi kaya. Wata tana tambaya wa zai ɗauki cajin mai POS, ita ko mai saye? Kowace tambaya bidiyo ce, kuma ba wanda zai zauna a ɗaki ya hango su. Ba a daɗe ba, ranar 29 ga Mayu, shugaban ƙasa Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kuɗin mota da kuɗin niƙa suka tashi. Tambaya ɗaya ta yi ta dawowa daga bakuna daban-daban: in ƙara kuɗi ne ko in rage girma? A kanta kaɗai na yi bidiyoyi da dama, domin amsar mai ƙosai daban take da ta mai turaren wuta. Mai ƙosai ta ƙara kuɗi yaran unguwa su koma gidan gaba; mai turare ta rage inganci kwastomarta ta tafi ke nan, ba sallama.

Wannan maimaituwar ita ce ma'aunina. Ranar Alhamis da yamma nakan zauna in haɗa na littafi da na waya, in karanta duka. Tambayar da ta fito daga mata uku da ba su san juna ba, wannan ta ci gwaji, ta shiga layi. Wadda ta fito sau ɗaya tak sai in bar ta ta jira abokiya. Sannan in duba ko za ta faɗu a cikin minti ɗaya. In ba za ta faɗu ba, to ba batu ɗaya ba ne, biyu ne ko uku suka cuɗe, sai in warware su. Maganar mai ɗinkin nan da na warware ta sai ga abu uku a ciki: tana cefane daga kuɗin ɗinki, ba ta lissafa zare da man inji da kuɗin guga, kuma rabin kayan da ta ɗinka na dangi ne da ba a biya ba.

Wasu kuma lokacinsu nake jira. Tambayar da tela ta yi mini ana saura kwana biyar ƙaramar Sallah, a kan yadda za ta ƙi karɓar ɗinkin da ta san ba za ta gama ba, ba ta da amfani in na ɗora ta bayan hawan Sallah. Sai na rubuta "Sha'aban" a gefenta, ta yi wata goma sha ɗaya tana jira. Haka na masu abincin sayarwa a Daura, da suke son sanin yawan abin da za su dafa lokacin Sallar Gani da gari yake cika da baƙi, na sa masa "Safar", wata guda kafin Rabi'ul Awwal. Akwai na damina, lokacin da itace yake jiƙewa gawayi ya yi tsada, da na kaka, lokacin da gyaɗa take sauka masu ƙuli suke tunanin saye su ajiye. Shafukan ƙarshen littafin na ware wa watanni, shafi ɗaya kowane wata.

Akwai abin da na fi tsananta wa kaina a kai, wato amana. Katsina babban gari ne a taswira, amma kowa ɗan'uwan kowa ne. In na ce "wata mai humra a Ƙofar Marusa da mijinta ya cinye mata jari", kafin la'asar an gano ta, kuma ita za ta kwana a gidan, ba ni ba. Don haka tun a littafi ba na rubuta suna ko unguwa, saboda littafi yana iya faɗuwa, waya ma yara suna ɗauka. In zan ɗora, sai in sauya sana'ar ko in haɗa labarin mata biyu ya zama ɗaya. In maganar ta yi kusa da mai ita ƙwarai, sai in kira ta: "Hajiya, maganar nan da muka yi, in na faɗe ta ba suna, kin yarda?" Wasu sukan ce a faɗa ko wata za ta amfana. Wasu sukan yi shiru, ni kuma na san ma'anar shirun. Akwai labaran da na tabbata da na ɗora su da sun fi duk abin da na taɓa yi yawan masu kallo, suna nan ba za su fita ba. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Ina ganin masu horarwa da suke karanta saƙon ɗalibansu a bainar jama'a suna dariya, ban san yadda suke sa ran wata za ta sake tsayar da su a bakin ƙofa ba.

Haka tambayar da ta shafi hukuncin addini, kamar zakkar kayan sayarwa ko rancen da ake biya da ƙari. Ina rubuta ta, amma ba ni nake amsawa ba. Nakan kai wa malamai, in dawo in faɗi abin da suka ce a matsayin nasu, ni kuma in tsaya a lissafin da na iya.

Kallon bidiyon masu horarwa na Legas ko na Amurka ba laifi ba ne, ni ma ina kallo, na koyi yadda ake tsayar da waya da yadda ake shiga magana ba dogon sharar fage. Batunsu ne ba na ɗauka. Suna bayanin yadda za a yi wa kamfani rajista da yadda za a ɗauki ma'aikata, ɗalibata kuwa 'yarta ce take kai mata talla, kuma damuwarta yadda yarinyar za ta je makaranta ba tare da ciniki ya tsaya ba.

Tambayar dattijuwar nan mai fura har yanzu layi biyu ne a ƙarƙashinta, kuma mata da dama sun sake yi mini ita da suruka ko yayar miji ko uwar ɗaki a ciki. Amsar littafin kasuwanci, wai a ce babu kawai, ba za ta zauna a gidajenmu ba. Na fara bin tsofaffin 'yan kasuwa mata, waɗanda suka shekara talatin suna sana'a a cikin dangi ba su karye ba kuma ba su ɓata da kowa ba, ina tambayarsu yadda suka yi. Ɗaya ta ce tana ware ɗan kaso tun ranar sari ta sa masa suna na Allah, in ya ƙare ta ce ya ƙare, kuma ba ƙarya ta yi ba. Wata ta ce ita kyauta take bayarwa kaɗan maimakon bashi mai yawa, don kyauta ba ta hana gaisuwa. Ina son in ji ta bakin masu saro kaya daga kasuwar Mai'aduwa ta ranar Lahadi, waɗanda jarinsu ya fi nauyi, kafin in ɗauki bidiyon.