Harawar da na lulluɓe da leda

Jiya na tuge turakun ƙarshe, na ɗora komin ruwa a amalanke, na miƙa wa mai fili makullinsa. Shekara huɗu na yi a ɗan filin nan da ke bayan Wudil, eka biyu da 'yan kai, rabi wake da gyaɗa, rabi gamba da kyasuwa da rumfar raguna. Masu shirin shiga kiwon turke suna yawan tambayata wane irin rago ya fi riba, Balami ko Uda ko ɗan ƙasa. Ni kuwa abin da ya karya ni ba rago ba ne, harawa ce.

Kowa ya tuna daminar 2022, wadda ambaliya ta ci garuruwa a Jigawa. Ruwa ya ƙi ɗaukewa. Waken ya yi ganye shar, ni kuma ina tsoron ganyen ya kakkaɓe, domin a nan amfanin harawa yake, kara banza ne. Na sa aka yanke, aka shanya kwana biyu kacal, hadari ya sake haɗowa. Sai na ce a ɗaure, a jibge a ƙasa, a lulluɓe da babbar leda, a danne gefe da duwatsu.

Wani dattijo da muke iyaka da shi ya tsaya yana kallo, sannan ya ce, "Ɗana, kada ka toshe mata numfashi. Ɗora ta a kan rumfa ko a rassan ɗorawar can, iska ta ratsa ta." Na ce, "To Baba, in Allah ya yarda." Ban yi ba. A ganina ledar da na saya da kuɗina ta fi reshen itace tsaro.

Ƙarshen watan Fabrairun 2023 na je Maigatari ran Alhamis, na sayo raguna goma sha biyu ramammu, da lissafin wata huɗu kafin Babbar Sallah. Washegari na yaye ledar. Warin ne ya fara dukana, irin na ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba. Na cusa hannu cikin dami, ganyen ya manne a yatsuna, baƙi ƙirin, ga farar funfuna kamar an barbaɗa gari. Na ƙasan kuma gara ta mayar da shi ƙasa. Cikin dami kusan ɗari, wanda na tsinta bai kai ashirin ba. Harawar da ba ta gama bushewa ba, in ka rufe ta, zufa take yi, ta ɗumama, ta dafa kanta.

Da na tsaya a nan da sauƙi. Sai na kakkaɓe masu dama-dama na zuba wa ragunan, don ganin asarar ta yi yawa. Galibinsu suka sansana suka kau da kai. Uku suka ci. Zawo ya kama su, Balamin da na fi sa wa rai ya kwanta, kwana uku ya mutu a gabana, ko yankawa ban iya yi ba don na ga naman ba zai ciyu ba. Har yau in na tuna yadda yake ɗago kai in ya ji tafiyata, raina ɓaci yake yi.

Lokacin kuma ake tsakiyar wahalar canjin kuɗi. Mai harawa a ƙauye ba ruwansa da tiransifa, tsaba yake so, ga bazara ta ninka farashi. Abin da ya kamata ni in sayar da tsada, shi na koma ina bi gida-gida ina saye da tsada. Sallah ta zo ran 28 ga Yuni, ragunan sun yi kyau, amma kuɗin harawa da dusa sun riga sun cinye ribar tun kafin dillali ya karɓi la'adarsa.

Sauran darussan da na koya ba su da tsawo. Sabon rago a ware shi mako biyu, a ba shi maganin tsutsa kafin a fara ɗura masa dusa. Buɗe baki ka duba haƙori da kanka, kada ka ji ta mai sayarwa. Kada kanwa ta yanke. Kada ka riƙe rago har jajibiri kana jiran ƙari.

Sannan in fili na aro ne, a rubuta, a kira shaidu, ko da na ɗan uwa ne. Na karɓi wurin nan fako, ko ƙaya ba ta son fitowa. Shekara huɗu ina zuba masa takin tumaki, na katange shi da guminmu ni da ƙannena. Da ƙasa ta yi baƙi ta yi laushi, sai ga saƙo daga mai filin wai yaransa za su shuka masara bana. Filinsa ne, ban yi jayayya ba, amma ko kuɗin katanga bai ambata ba.

Harawar bana tana can bisa rumfa a gidanmu, kore shar, dami sittin. Kafin in fita na tsaya na yi wa Baba, dattijon nan da muke iyaka da shi, sallama. Ya tambaye ni inda na ajiye ta, na faɗa masa, ya ce madalla.