Gwanda ta yi huda, abarba tana jan aji

'Yan'uwa masu koyon dashen itatuwan marmari, barkanmu da ƙoƙari. Ga inda aka kwana a ɗan lambuna: gwanda ta yi huda, gwaba ta ɗauki 'ya'yan fari, auren da na yi wa mangwaro ya kama, abarba kuwa tana nan tana jan aji. A kan gwanda zan fi daɗewa, domin ita ce ta iso matakin da mai koyo ya fi bukatar buɗe ido.

Duk wanda ya tambaye ni da me zai fara, gwanda nake ce masa. Ba wai ta fi sauran sauƙi ba ne, ita dai ba ta ɓoye sakamako. Abin da ka yi mata, daidai ko akasin haka, cikin 'yan makonni za ka gani a jikin ganyenta. Mangwaron da aka shuka daga ƙwallo yakan ɗauki shekara 5 zuwa 8 kafin ya yi 'ya'ya, ita kuwa gwanda tsakanin wata 9 zuwa 12 an fara ci.

Irin nawa daga cikin nunanniyar gwanda na ɗebo shi. In kun lura, kowace ƙwaya tana lulluɓe cikin wata 'yar jaka mai yauƙi, kuma ruwan da ke cikin jakar yana danne tsiro. Sai a zuba irin a rariya, a murza da yatsu har jakunkunan su fashe, a ɗauraye, a shanya a inuwa. Wanda aka yi wa haka yakan fito cikin mako 2 zuwa 3. Wanda aka watsa da yauƙinsa kuwa sai ranar da ya ga dama.

A kowane rami tsiro uku na bari, kuma yanzu ne amfanin hakan ya bayyana. Gwanda iri uku ce: akwai namiji, akwai mace, akwai mata-maza, kuma ba mai iya bambance su ta ƙwaya ko ta ganye, sai sun yi fure. Namiji yakan fitar da dogon kara mai rassa daga jikin bishiyar, ƙananan furanni sirara birjik suna reto a kansa. Mace fure ɗaya take yi, babba, a manne a hammatar ganye, in ka leƙa cikinsa za ka ga ɗan ƙulli kore mai tsantsi, wanda shi ne zai zama gwandar. Mata-maza furenta ya fi na macen tsawo da siranta, gindinsa a haɗe, kuma ita ke yi wa kanta barbara, shi ya sa ba ta bukatar kowa. 'Ya'yanta dogaye ne, na mace kuwa sun fi zagaye da faɗin ciki. Da furen ya nuna ko wane ne, sai a bar mafi kyau ɗaya a rami, a yanke sauran daga ƙasa. A yanke na ce, kar a tumɓuke, don saiwoyinsu sun riga sun sarƙe da na wadda za a bari. Namiji ɗaya ya ishi mata goma zuwa goma sha biyar.

Za ku ji ana cewa in an buga wa namijin ƙusa ko an sare kansa zai koma mace. Jinsin yana cikin ƙwayar halittarsa, ƙusa ba ta kai wa can. Abin da ke faruwa shi ne namiji yakan jefa ɗa ɗaya ko biyu jefi-jefi in yanayin zafi da sanyi ya sauya, sai a ba ƙusa ladan abin da ba ita ta yi ba.

Sai maganar ruwa, wadda ita ce ke kashe mafi yawan gwandar masu koyo. Tana son ruwa sosai, amma ba ta yarda ya kwanta a gindinta. Kwana ɗaya ko biyu saiwarta na cikin ruwa ya isa ta fara ruɓewa, sai ka ga ganyen ƙasa ya yi rawaya ya langaɓe, mai shi ya ɗauka ƙishirwa ce ya ƙara mata wani. Tun kafin shuka na cika ramin da ruwa na koma gefe. Inda ya tsotse cikin 'yan sa'o'i nan na shuka, inda ya kwana kuwa na tara tudu na cakuɗa ƙasar da rairayi da ruɓaɓɓen taki. Ɗanyen kashin kaji yana ƙona saiwa, a bar shi ya huce tukuna. Busasshiyar ciyawar da ake shimfiɗawa don riƙe danshi ita ma kar ta taɓa jikin bishiyar, a bar tazarar tafin hannu.

Abin da nake dubawa kowace safiya shi ne sabon ganyen da ke tsakiya. In ya fito a murɗe da dabbare-dabbaren rawaya, 'ya'yan kuma suka yi zane mai kama da zobe, to cutar bairos ce da ƙananan ƙwari masu tsotsar ganye ke yaɗawa, kuma ba ta da magani, sai dai a cire bishiyar kafin ta shafa wa saura. Ba ƙaramar cuta ba ce. A shekarun 1990 ta durƙusar da noman gwanda a yankin Puna na tsibirin Hawai a Amurka, sai da aka raba wa manoma irin Rainbow, wanda aka gyara ƙwayar halittarsa, a 1998 sannan suka farfaɗo. Nawa dai har yanzu ganyen garau yake, alhamdulillahi.

Gwaba ba ta da wannan laulayin. A kan sabon reshe take yin fure, don haka datse rassan da suka yi tsawo yana ƙara mata 'ya'ya. Abokin gabarta ƙudan 'ya'yan itace ne. Macen takan huda ɓawo ta zuba ƙwai a ciki, ka tsinko gwaba sumul a waje, ka gatsa ka tarar da tsutsa. Ni tun suna ƙanana nake sa wa kowace jakar takarda in ɗaure bakin a jikin karan. Aiki ne mai cin lokaci, amma ga mai bishiya ɗaya ko biyu ya fi feshi. Waɗanda suka faɗi ƙasa kuma ba a barinsu su kwana, domin tsutsar a cikin ƙasa take shiga ta rikiɗe ta fito ƙuda. A tattara su a baƙar leda, a ƙulle, a ajiye a rana.

Auren mangwaron ya kama, idon reshen ya kumbura ya fitar da jajayen ganye masu laushi. Ga wanda bai taɓa yi ba: ana samo reshe mai kaurin fensir daga bishiyar da aka san daɗin 'ya'yanta, a fiƙe gindinsa ta gefe biyu, a tsaga kan ɗan mangwaron da aka raina daga ƙwallo, a cusa, a naɗe da leda tam. Sirrin yana ga koren da ke ƙarƙashin ɓawo. Sai na reshen ya haɗu da na gindin, ko da ta gefe ɗaya ne, sannan su manne. Duk tohon da ya fito ƙasa da mahaɗar a cire shi, in ba haka ba shi zai ƙwace abincin. Ɗan aure yakan yi 'ya'ya cikin shekara 3 zuwa 4, amma in ya yi zumuɗin fure a shekarar farko, a daure a tsinke. A kuma yi hattara da ƙaronsa: dangin yazawa ne, yana ƙona fatar wasu.

Abarba kuwa kan nata mai ganye na murɗe, na zare ganyen ƙasa, na bar shi ya sha iska har gindin ya bushe, na dasa. Ya yi saiwa, yana ƙara ganye, shi ke nan labarin. Daga kai zuwa 'ya'ya wata 18 ne zuwa 24, wani lokaci fiye, kuma tushe ɗaya abarba ɗaya yake bayarwa.

Tunda lambun bai fara ciyar da ni sosai ba, da na saye nake gwajin girki, kuma a nan na gane cewa sanin yadda kowanne ke nuna rabin aikin ne. Mangwaro da gwanda da ayaba da gwaba suna ci gaba da nuna bayan an tsinke su, muddin sun ƙosa, domin suna fitar da wata iska mai suna etilin da ke tura nunan, a mangwaro da ayaba har sitacin cikinsu ya koma suga. Shi ya sa in aka haɗa ɗanyen mangwaro da nunanniyar ayaba a jakar takarda yake saurin nuna. Abarba da lemo ba sa cikin wannan sahu. Abarba za ta iya yin laushi ta canja launi a kan tebur, amma zaƙin da aka yanko ta da shi, shi ne nata har abada. Firji kuma ba wurin ɗanye ba ne: ƙasa da digiri 12 ko 13 a ma'aunin Selshiyas ayaba da mangwaro sukan yi baƙi, nunan ya tsaya. A bari su nuna a waje tukuna.

Ɗanyar gwanda ita ta fi ba ni mamaki. In ka karce korenta da wuƙa, wani farin ruwa mai danƙo zai tsattsafo, a cikinsa akwai sinadarin fafen mai warware furotin. Na kankare kaɗan da ɓawonta, na cuɗa cokali biyu da rabin kilon nama mai tauri, na ajiye wajen sa'a ɗaya, ya dahu da wuri ya yi laushi. Kar a bari ya kwana a ciki, naman zai dagargaje ya rasa daɗin tauna. Tsokar kuma in an fere an wanke an yanka ƙanana, ana jefa ta a romo. Ba ta da wani ɗanɗano nata, na romon take sha. Abarba tana da irin wannan sinadari, biromelen, shi ne ke sa harshe zogi in an sha da yawa. Saboda waɗannan sinadarai ne madarar da aka markaɗa da abarba ko gwandar da ba a dafa ba take yin ɗaci in ta jima. A sha nan take, ko a ɗan dafa abarbar, don zafi yana kashe shi.

Gwabar da ta yi yawa na tafasa ta, na tace a rariya don raba ta da ƙwayoyin, na mayar wuta da suga da ruwan lemun tsami. Da kanta take yin kauri saboda yawan fektin da ke cikinta. Daɗi kam akwai, sai dai kar a yaudari kai, wuta ta tafi da kaso mai yawa na bitamin C ɗin, suga ya maye gurbinsa.

Wannan ya kawo mu ga batun lafiya, inda ake yawan zuzutawa alhali gaskiyar kanta ta wadatar. A giram 100 na gwaba akwai bitamin C kusan miligiram 228, lemon zaƙi kuwa wajen 53, wato gwaba ta ninka shi sau huɗu. Gwanda tana da kusan 60. Shi bitamin C jiki na bukatarsa wajen warkar da rauni da ƙarfin dasashi, kuma yana taimaka wa hanji ya tsotsi sinadarin ƙarfe daga wake da ganye, don haka cin gwaba ko gwanda tare da abinci yana da amfani ga mai ƙarancin jini. Tun a 1747 likitan jiragen ruwan Birtaniya James Lind ya gwada lemo a kan matuƙan da dasashinsu ke zubar da jini, suka warware. Launin ruwan ɗorawa na mangwaro da gwanda kuma karotin ne, wanda jiki ke juyawa ya zama bitamin A, kuma rashin bitamin A ne ke jawo dundumi. Ya fi shiga jiki in akwai ɗan maiƙo a cikin abincin. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar a ci aƙalla giram 400 na 'ya'yan itace da ganyayyaki a kullum.

Ni na fi son a tauna a kan a matse. Tuƙar da ake zubarwa bayan an tace ita ce ke sassauta bayan gida, ita ce kuma ke rage saurin shigar suga cikin jini. Kofi ɗaya na ruwan mangwaro zai iya cinye mangwaro biyu ko uku, mutum ya shanye bai ji ya ƙoshi ba. Mai ciwon suga ya ci kaɗan-kaɗan, guntu ba ruwa ba. Mai ciwon ƙoda ya tambayi likitansa kafin ya yawaita ayaba, saboda fotashiyam ɗin da ke cikinta, kusan miligiram 358 a giram 100. Mai juna biyu ta ci nunanniyar gwanda, ta guji ɗanyar saboda farin ruwan nan. Su kuma saƙonnin da ke yawo a waya cewa ganyen kaza yana warkar da daji, ƙwayar kaza tana kashe kowace cuta, don Allah kar wanda ya ajiye maganin asibiti saboda su.

Aikin da ke gabana shi ne samar da sabuwar gwaba daga reshe ba tare da an yanke shi ba. Za a zare ɓawo zagaye, faɗin yatsa biyu, a kankare santsin da ke ƙasansa don kar ya sake haɗewa, a naɗe wurin da jiƙaƙƙiyar ƙasa mai taki cikin leda, a ɗaure sama da ƙasa. In fararen saiwoyi suka bayyana ta cikin ledar, bayan wata biyu ko uku, sai a yanke reshen a dasa a inuwa. Waɗanda suka riga ni gwadawa, ku faɗa mana da me kuka naɗe naku, kuma a kan reshe mai wane kauri ya fi saurin yin saiwa.