Na Je Kerala Neman Maganin Bushewar Ido

Daga Kochi na hau jirgin ƙasa zuwa Tirur, daga nan mota ta ƙarasa da ni Kottakkal, a gundumar Malappuram ta jihar Kerala, a kudancin Indiya. Damina ce, ruwa ba ya ɗaukewa, duk inda ka duba kwakwa ce da gonakin shinkafa. Musulmi ne suka fi yawa a gundumar, don haka masallaci da abincin halal ba su ba ni wahala ba. Garin Kottakkal ya yi suna ne da cibiyar Arya Vaidya Sala, wadda P. S. Varier ya kafa a 1902 don haɗa magungunan Ayurveda, likitancin gargajiyar Indiya.

Ido ne ya kai ni. Aikin kwamfuta da ƙurar hunturun Kano sun bar shi a bushe, yana raɗaɗi kamar an watsa mini yashi. A wani ƙaramin asibiti, wata likita ta daɗe tana dudduba ni, tana tambayar barcina, da ko ina da ciwon suga, kafin ta yarda a yi mini aikin da suke kira tarpana.

Na kwanta rigingine. Aka kwaɓa garin wani baƙin wake, aka kewaye kowane ido da shi, aka danne gefen sosai don kada ya yoyo. Sannan aka tsiyayo man shanu mai ɗumi-ɗumi, wanda aka dafa da triphala, wato 'ya'yan itatuwa uku: amla, haritaki da bibhitaki. Da man ya rufe gashin idona aka ce in buɗe, in riƙa kiftawa a hankali. Komai ya koma ruwan ɗorawa. Ya ɗan yi yaji da farko, daga baya ya lafa. Bayan an kwashe man, gani ya yi dishi-dishi na ɗan lokaci, aka hana ni shiga rana da iska da kallon waya.

Na sami sauƙi, amma abin da ya fi burge ni shi ne kashedinta. "Ba man girki ba ne wannan," in ji ta. Ta ce kada in kuskura in ɗiga man shanun kasuwa, ko zuma, ko ruwan lemun tsami a ido, kuma idon da ya yi ja yana kwantsa ba a yi masa tarpana, likitan ido ake kai wa. Da ta ambaci surma, kwallinsu na dutse da kan ƙunshi dalma, sai jariranmu da ake ranbaɗa wa kwalli suka faɗo mini a rai, hankalina ya tashi.

Abin da ta ce in yi a gida ba ya cin ko sisi: tsumma mai tsabta a jiƙa da ruwan ɗumi a ɗora kan rufaffen ido, saboda ɗumin yana narkar da maiƙon da ya toshe a bakin fatar ido, shi kuwa maiƙon ne ke hana hawaye saurin bushewa. Ta ƙara da yawan kiftawa a gaban kwamfuta, da sa tabarau idan hunturu ya kama.