Malamin da muka sallama a ɓoye

Shekara shida na yi ina koyar da lissafi a wata makarantar kuɗi a Tudun Wadar Zariya da digiri kawai, ban taɓa karantar aikin koyarwa ba. Da aka fara matsa mana kan rajista da hukumar TRCN, wadda doka mai lamba 31 ta 1993 ta kafa don tantance malamai, sai na ɗauka wata hanyar tatsar kuɗi ce. Dole ta sa na koma ABU na yi PGDE, wato diflomar aikin koyarwa ta masu digiri, na rubuta jarabawar TRCN a kwamfuta, aka ba ni satifiket da lasisi a rukunin C na masu digiri. Masu NCE suna rukunin D. Na jefa takardun a akwati.

Sai da na zama shugaban makaranta na gane amfaninsu, kuma a makare.

Wata uwa ta zo ofis da 'yarta 'yar aji biyu na sakandare. Malamin ajinsu yana tsare yarinyar bayan an tashi, yana aiko mata saƙonni da dare. Ta nuna mini wayar. Ta ce, "Malam, don Allah a rufa mana asiri, yarinya ce, gobe aure za ta yi." Na ji nauyinta ƙwarai. Muka kira shi, bai musa ba, muka biya shi albashin watan, ya tafi. Na kwana ina ganin na kyauta.

Bayan zango ɗaya na hango shi a Sabon Gari, riƙe da alli, a ƙofar ajin 'yan mata na wata makaranta. Har yau idan na tuna gabana faɗuwa yake.

A daren na ɗauko kundin ɗa'ar malamai na TRCN da na haddace don cin jarabawa kawai. Hukumar tana da kwamitin bincike da ke karɓar ƙorafi, idan ya ga hujja ya miƙa wa kwamitin ladabtarwa, wanda ke da ikon soke sunan malami daga rajista. Wannan ne abin da kora ba ta yi: ni ƙofa ɗaya na rufe masa, Zariya kuwa cike take da ƙofofi. Asirin yarinyar da na ce ina rufewa, nasa na rufe.

Na je wajen mahaifin yarinyar, muka daɗe muna magana a zaure kafin ya yarda a rubuta ƙorafi. Na kuma je na sanar da shugabar waccan makarantar baki da baki.

Yanzu duk wanda ya zo neman aiki, lambar rajistarsa nake fara tambaya, sannan in buga waya inda ya baro in ji dalilin barinsa. Wasu masu makarantu na cewa malami mai lasisi tsada gare shi. Gaskiya ne, mun ƙara kuɗin makaranta kaɗan saboda haka, iyaye biyu suka cire 'ya'yansu.