Tarihin Rayuwata, Kashi na 11: Tsohon Keken Japan

A makon jiya na tsaya a inda Kawu ya yarda zai ranta mini cikon kuɗin sayen wani tsohon keken ɗinki, amma da sharaɗin sai ya ga keken da idonsa. To, bayan ƙaramar Sallar 2023 da 'yan kwanaki muka tafi.

Keken yana wani gida ne can wajen Ƙofar Ƙaura, a cikin sito, an jibga masa buhunan gawayi da tsofaffin tabarmi. Mai shi ya taɓa samun kwangilar ɗinka yunifom na 'yan makaranta, da aikin ya ƙare ya koma harkar hatsi, keke ya shekara da shekaru ba wanda ya taka shi. Juki ne, DDL-5550, ƙirar Japan. Fentin wajen da yadi ke wucewa ya goge tas, har ƙarfe ya fito yana ƙyalli. Kawu ya dubi keke, ya dube ni.

"Kai, a cikin wanga kwaraɓaɓɓe za ka zuba muna kuɗi? Arha fa ba ta ado."

Ni kuwa gogewar fenti ba ta tsorata ni. Keken da nake tsoro shi ne tsoho da aka fesa wa sabon fenti yana sheƙi, don sau da yawa wani abu ake rufewa. Na kama sandar allura na girgiza, ba ta motsa gefe ba. Na juya gargaren hannu, yana da nauyi amma ba ya ƙwanƙwasa. Na ce wa Kawu, "Ka yi haƙuri Kawu, cikinsa da sauran rai." Aka yi ciniki, aka sallama. Muka raba kai da teburi, kan kaɗai ya kusa kilo 30, na rungume shi a Napep, teburi da moton da ke juya keken suka biyo baya a kura.

Maigidana, wanda na koyi ɗinki a hannunsa, shi ya haɗa ni da wani dattijo mai gyaran kekuna da ke zama kusa da Babbar Kasuwa. Kowa Baba yake ce masa. Da safe ya iso shagona da 'yar jakar fata, ya tarar na jawo waya ina neman soket.

"Mi za ka yi? Aje wayar nan. Keken da ya yi barcin shekaru ba a tashinsa da wuta."

Wanda bai taɓa kwantar da kan keken indastiriyal ya leƙa ƙasa ba, bari in faɗa masa abin da ke wurin. Keken ƙafa irin su Butterfly ɗiga masa mai ake yi a 'yan ramuka, shi ke nan. Wannan kuwa a kan wani faranti mai zurfi yake zaune, cike da mai, da layi biyu a jiki, na sama da na ƙasa, man ya tsaya a tsakani. Akwai ɗan famfo da ke zuƙo man yana harba shi cikin kai, ga wani ɗan gilashi a sama inda za ka ga man yana fantsama idan keke na gudu. Dalili kuwa gudun ne. An ƙera shi ya iya ɗinki har 5,500 a minti guda, kuma ƙugiyar da ke kama zare a ƙasa sau biyu take juyawa kafin allura ta sauka ta tashi sau ɗaya. Ƙarfen da ke irin wannan juyi, in ya rasa mai na ɗan lokaci, sai ya yi zafi ya liƙe, gyaransa kuma ya fi ƙarfin talaka.

Da muka kwantar da kan, Baba ya yi salati. Wani ya taɓa zuba masa baƙin mai na mota, ya daskare ya haɗu da ƙurar hunturu da burbushin yadi ya zama kwaɓo. Ɗan maganaɗisun da ke cikin farantin ya cika da garin ƙarfe da guntayen allurai. Ragar bakin famfo ta toshe gaba ɗaya. Da an kunna shi a haka, ko ɗigo ba zai hau sama ba.

Baba bai taɓa kwaɓon nan da hannunsa ba. Ya miƙo mini tsohon buroshin haƙori da tsumma, ya aiki yaron shagona sayen kalanzir, ya ja benci ya zauna. Shi ke kwancewa, ni ke wankewa. Duk sukurun da ya cire sai ya jera shi a murfin kwano bisa yadda ya fito, in na kai hannu zan tattara su wuri ɗaya ya buge mini hannu. Zafin watan Mayu na Katsina kowa ya san shi, ga warin kalanzir, ga masu kawo ɗinki suna leƙowa suna tambaya ko na bar tela na koma kanikanci. Haka muka wuni. Abin da ya mutu ɗin bai taka kara ya karya ba: bel ya tsattsage, ɗan sifirin da ke ɗaga zare a wajen tenshan, inda ake matse zare ko a sassauta shi, ya karye, sai farantin allura da raminsa ya ciccinye. Duk an same su cikin gari, ba sai an je Kano ba.

Inda na ga aiki shi ne kan ƙugiya. Baba ya ciro ta ya ɗaga wajen haske, ni ban ga komai ba sai ƙarfe mai sheƙi. Ya ce in bi tsininta da farce. Na bi, sai na ji farcen ya ɗan maƙale a wani wuri, ƙarami ƙwarai.

"Ka ji shi? Allura ce ta karye ta sare ta. Nan ne zare zai riƙa tsinkewa, kai kuma ka yi ta zagin mai saida zare."

Na ce ko a sayi sabuwa. Ya ce ta asali tsada gare ta, ta jabu kuma ba za ta kai wannan ba ko da sararta. Ya yanki samfefa mafi laushi, ya jiƙa da mai, ya riƙa shafawa a hankali ta fuska ɗaya, yana tsayawa yana gwadawa da farce. Aikin da ba ya son surutu ne, har rediyon shago ya sa na kashe.

Daga nan sai taimin, wanda shi ne asirin keken gaba ɗaya. Da yawa daga cikinmu teloli mun yi shekaru muna ɗinki ba mu san yadda zaren sama ke haɗuwa da na ƙasa ba. Allura takan sauka ƙasa ƙurmus, sannan ta fara tashi. Idan ta tashi kamar milimita 2, zaren da ke jikinta yakan ɗan saki ya yi hanju a bayanta, a daidai wannan lokacin tsinin ƙugiya zai iso ya shige cikin hanjun, ɗan sama kaɗan da idon allura, ya zagaya da shi bayan bobin. In ƙugiya ta riga lokaci, hanju bai buɗe ba. In ta makara, ya karkace. Ko wanne ya faru, sai ka ga ɗinki yana tsallake. A jikin sandar allura akwai 'yan layuka da masu ƙira suka zana don wannan awon, Baba ya nuna mini su da bakin sukundireba. Tazarar da ke tsakanin tsini da allura kuwa ba ta wuce kashi ɗaya cikin goma na milimita, su kusa taɓa juna amma kada su taɓa. Ya saita, ya ɗaure, sannan ya sake kwancewa ya ce ni ma in saita. Ban ji daɗin haka ba a lokacin, ga yunwa ga la'asar ta yi, amma tun daga ranar ban ƙara biyan kowa kuɗin taimin ba.

Allurar ma daban take. Ta keken gida tana da gefe ɗaya shafaffe, ba ta shiga sai ta hanya guda. Ta wannan, DBx1, gindinta zagaye ne, duk yadda ka juya ta za ta shiga, kuma nan mutane da yawa ke faɗawa. Dogon kwarin da ke jikinta hagu zai kalla, ɗan lotsawar da ke saman ido ta kalli dama wajen ƙugiya, zare ya shiga daga hagu ya fita dama. Lamba 14 don shadda da atamfa, 16 ko 18 in yadin ya yi kauri.

Muka zuba farin mai na keke, mai kama da ruwa, har tsakanin layi biyu. Aka yi sa'a akwai wuta. Baba ya danna makunni, moto ya ɗauki gunji, ya taka a hankali babu zare, idonmu duka a kan gilashi. Shiru. Can sai ga mai ya fara fantsama. Yaron shagona ya yi kabbara kamar an ci ƙwallo, maƙwabcina mai wankin hula ya leƙo yana tambaya lafiya. Baba bai ko yi murmushi ba. Ya bar keken ya ɗan yi gudu, ya yagi farar takarda ya tura ƙarƙashin ƙugiya na daƙiƙa biyar, ya zaro. Ga ɗan siririn layin feshin mai. Ya ce haka ake so: in takarda ta fito a bushe ƙugiya za ta ƙone, in ta jiƙe sharkaf farar shaddar mutane ce za ta sha.

Na ɗauka an gama. Ashe gyaran keke shi ne mai sauƙin, saura gyaran ƙafata.

Ƙafar da ta saba da keken takawa lilo ta iya, gaba da baya, ita ce injin. A nan kuwa moto mai kulochi tun da ka kunna yake juyawa, sau 2,850 a minti, ko kana ɗinki ko ba ka yi. Fedal haɗa shi da keke kawai yake yi. Ka danna da yatsu ya tafi, ka danna da diddige birki ne. Tsakanin tsayuwa da cikakken gudu kuwa ɗan taƙi ne. Takawar farko da na yi, ƙyallen gwaji ya fizge daga hannuna kamar dokin hawan Sallah da ya ƙwace linzami, kafin in ɗaga ƙafa ya zube bayan teburi. Hannuna na dama kuma sai kai kansa yake wajen gargare don ya tayar da keke, yadda ya saba.

Baba ya yi abu biyu. Ya canza fulin moto, wato 'yar gargaren da bel ke hawa, ya sa ƙarami, gudun ya ragu kusan rabi. Ya kuma mayar da sandar fedal ramin ƙarshe na hannun kulochi, don ƙafa ta sami doguwar tafiya kafin ya kama. Sannan ya zare zaren duka, ya ce a kawo tsohon littafin rubutu na 'yan makaranta.

"Bi layin nan. Ba gudu nike so ba. Ka ba ni ɗinki ɗaya ka tsaya. Ɗaya tak. Ran da ka iya ba ni ɗaya, dubu ba wuya."

Wallahi ɗinki ɗaya ya fi dubu wuya. Ina cire takalmi in taka da tafin ƙafa don in ji lokacin da kulochi ya fara shafa, akwai wata 'yar rawa da ke zuwa ta fedal kafin allura ta motsa, ita ake jira. Kullum bayan isha'i, in na rufe aikin mutane a tsohon kekena, sai in zauna in yi ta huda takarda: layi miƙaƙƙe, sannan kwana, sannan da'ira. Gwiwa ma sai da ta koyi nata, don ita ke tura wani ƙarfe ta ɗaga ƙafar keke mai danne yadi, hannu biyu su zauna kan yadi. Wannan kam da na saba, na yi mamakin yadda na yi shekaru ina kai hannu baya.

Akwai abin da ya nuna mini kafin ya tafi, kuma duk mai yara a shago ya kamata ya san shi. Ya kashe makunni, ya ce, "An kashe ko?" Na ce an kashe. Sai ya taka fedal, keke ya zuba ɗinki ya fi taƙi guda. Moton yakan ci gaba da juyawa bayan an yanke masa wuta. Ya ce kada in kai yatsa wajen allura, kada in bar yaro ya zauna, sai na taka na ƙarar da sauran juyin.

Ina cikin wannan koyo aka shiga ƙarshen Mayu, sabuwar gwamnati ta ce tallafin fetur ya tafi, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki. Moto mai kulochi wat 400 yake, kuma yana shan wuta ko kana yanka ko kana hira da mai kaya. Ƙaramin janaretana in na kunna keken sai ya yi tari kamar zai mutu kafin ya ɗauka. Na fara lissafin da ban yi ba lokacin ciniki. Wani abokina tela a Sabuwar Unguwa ya ce in nemi irin moton da ake kira servo, wanda ba ya juyawa sai an taka, ba ya ƙara, kuma ana rage masa gudu da maɓalli. Na ce da wane kuɗin, bashin Kawu ko kwabo ban biya ba.

Kamar ya ji ana maganarsa, sai ga Kawu da yamma da leda a hammata. Babbar Sallah saura mako uku. Ya zazzage farar shadda a kan teburi, irin wadda ko kallonta da hannu mai gumi ba a yi.

"Kaftani da wando. Kuma a wancan nike so a ɗinka," ya nuna Juki da haɓa. "In ga abin da kuɗina suka saya."

Na ce, "Kawu, har yanzu takarda nake ɗinkawa a kansa."

Ya ce, "To ka ƙare takardar. Ran jajibiri zan aiko."

Yadda aka kwashe da shaddar Kawu, da yadda moton servo ya shigo shagon ta hanyar da ban zata ba, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.